Tunkiyar da Turawa suka kwafa a Gwadangaji

Jama'a, yau na ga ƙarshen rainin hankali!

Kun ji labarin da rediyo ke ta yi, wai masana a Turai sun samar da tunkiya ba tare da rago ba, sak uwarta? To, tunkiyata ta ɓace tun shekaranjiya. Har Zauro na je cigiya. Yau da hantsi sai ga ta ɗaure a gidan maƙwabcina, Malam Tukur!

Na ce, "Malam, wagga ai tawa ta!"

Ko kunya babu, ya ce, "Haba Alhaji, ba ka jin rediyo? Yanzu kwafin tumaki akai. Kama kawai ta yi da taka."

Muka ɗunguma wurin mai unguwa. Ya saurare mu, ya ce, "Ku kwance ta."

Ana kwance ta, ta ruga a guje, sai cikin gidana, tana kuka!

Mai unguwa ya dubi Malam Tukur, ya ce, "Ikon Allah! Ashe har hanyar gidan Alhaji Turawan suka kwafa mata."