Muryar da Na Kusa Gogewa

Shekarun baya, lokacin ina buga wa mutane takardu a wani shagon kwamfuta a Azare, na je Katagum da rediyo mai kaset na ɗauki muryar kakana na wajen uwa, da ake kira Baffa, yana ba da tarihin gidansu. Na juye hirar a kwamfuta, na shiga gyara. Duk inda tsohon ya yi shiru aka fara jin luguden turmi ko maganar mata daga tsakar gida, sai in kashe sautin wurin ya koma tsit. Ko tsayawa saurara ban yi ba. A lokacin gani nake babu ƙwararre kamata a duk ƙasar Katagum. Kaset ɗin ma waƙa na juye a kai.

Bayan shekara biyu mahaifiyata ta rasu. Ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kuma taɓa yabona a gaban idona ba. Hotonta guda muke da shi. Muryarta kuwa babu, kuma wannan ya fi komai ci mini rai.

Wata rana kwamfutar ta cika, ina share tarkace, sai na ga hirar kakana har biyu a wurare daban-daban. Suna ɗaya, girma ɗaya. Na kai hannu zan goge guda, abokina da muke aiki tare ya tsayar da ni. Ya ce suna da girma ba hujja ba ne. Ya buɗe baƙin allon nan da ake rubuta wa kwamfuta umarni, ya rubuta md5sum da sunan fayil na farko. Sai ga jerin haruffa da lambobi guda talatin da biyu. Ya ce wannan kamar zanen yatsa yake, ko ɗigo aka taɓa a cikin fayil, jerin zai canza.

Na ce masa ɓata lokaci ne kawai. Bai kula ni ba, ya yi wa na biyun. Jerin ya fito daban.

Ashe guda wanda na gyara ne, ɗayan kuma na asali, shi ne na kai wa hannu. Na kunna shi. Can tsakiyar hirar kakana ya tsaya shan fura, turmi ya yi shiru, sai ga muryar mahaifiyata tana ce wa ƙanwarta:

"Kin ga yaron nan? Tun safe yake zaune da Baffa, bai gaji ba. Allah ya yi masa albarka."

Abokina ya tashi ya fita, ya ja mini ƙofar shagon. Na yi kukan da ban yi ba ranar jana'izarta.

Ina cika baki da gwaninta, ashe albarkar uwata na ɗauka hayaniya na kashe. Yanzu duk inda na kwafi fayil ɗin sai na sake fitar da jerin nan na duba shi harafi bayan harafi, har na haddace shi. Wanda na gyara yana nan, ban sake kunna shi ba. Na san a ina ya yi shiru.