Rigunan Kaka Asabe a Kan Igiyar Shanya

Shekara bakwai ke nan da rasuwar kakata Asabe, telar mata a unguwar Ali Kazaure, Allah Ya jiƙanta. Da ƙarfe goma da kwata na safiyar sadakar uku aka buɗe akwatinta na ƙarfe. Na riƙe lokacin ne domin agogon bango nake kallo, don kada in haɗa ido da mutane.

Riguna uku ne a ciki, dogaye har ƙasa, irin na zuwa liyafa. Matar wani Baturen haƙar kuza da Kaka ta yi wa aiki tana budurwa ce ta bar mata su, kuma tun a lokacin tsofaffi ne. Ɗaya baƙa, ɗaya ruwan toka, ɗaya koriya mai buɗaɗɗen baya. Silikin ya sirance kamar ɓawon albasa, an jera masa ƙananan duwatsun gilashi da allura, har riga ɗaya ta fi zannuwa biyar nauyi. Hammatar koriyar ta dafe, kafaɗar baƙar ta soma tsagewa. Kaka ta koya mini dokokinsu: ba a rataye su, nauyin duwatsun zai yaga su, ba a sa musu ruwa, zaren ya tsufa. A kwance suke zama cikin farin ƙyalle, da kanumfari a kusurwar akwati.

A gidanmu sai an wanke kayan mamaci ake rabawa. Gwaggo Talatu, babbar 'yar Kaka, ta kwaso su ta jefa a baho tare da zannuwa. Na ce, "Gwaggo, waɗannan ba a..." Ta ce, "Ke 'yar boko, ko ki ɗaga murya ko ki matsa." Na matsa. Ta cuɗa, ta murɗe, ta shanya. Kafin azahar kafaɗun sun saki, duwatsu na zuba a siminti, kaji na tsattsaga, masu ta'aziyya na takawa suna wucewa.

Yanzu ina jami'a, ina ganin ƙawayena da rigunan dinar biki waɗanda da gam ake manna musu duwatsu. Na san abin da Kaka za ta yi da tana raye: ta juya cikin rigar, ta nemi ƙullin zare, ta rasa, ta miƙa wa mai ita ba tare da ta dube ta ba. Ba mace mai taushi ba ce. Ni ma ta bar ni kusa da akwatin ne don ba na magana.

Abin da ya rage mini nata kaɗan ne: duwatsun da na tsince cikin kwalbar man shafawa, da hannun riga guda, da ɗabi'ar duba cikin kaya kafin wajensa. Duk shekarun nan ina yi wa Gwaggo uzurin rashin sani, ina ɗora wa muryata laifi. Bana da ƙaramar salla na iske ta tana tsintar shinkafa, na daure na tambaya.

"Gwaggo, da na ɗaga murya ranar nan, da kin bari?"

Ko kai ba ta ɗago ba.

"Au, ke kin zaci ban sani ba? Ni ta fara koya wa, tun ubanki na rarrafe. Ranar kamuna na roƙe ta in sa koriyar, ko na awa ɗaya. A gaban ƙawayena ta ce jikin 'yan dako gare ni, zan fasa mata riga. To, na fasa. Miƙo min faifan can."