Kwana Tara Cikin 'Yata Yana Kumbure

Har in koma ga Allah ba na jin zan manta da kwanakin da cikin 'yata ya kumbura. Tana da shekara goma sha biyar lokacin, muna zaune a unguwar Nima, a gidan haya mai ɗakuna da yawa amma babu bayi ko ɗaya. Kowa sai ya gangara bayin unguwa ya bi layi.

Da abinci na fara lura. Yarinyar da ke cinye tuwo ta nemi ƙari, sai ta yi loma biyu ta ture kwano. Ga yawan gyatsa, ga dafe mara, siket ɗin makaranta ya ƙi rufuwa. Ran nan da safe ta ji ƙamshin ƙosai, ta yi yunƙurin amai a tsakar gida, a idon kowa.

Maƙwabciyata ta ja ni gefe. "Maman yara, ni dai ban ce komai ba. Amma yarinya ta girma, ciki ya tashi, ga tashin zuciya. Ki bincika tun kafin babanta ya ji a masallaci."

Ni ba mai faɗa ba ce, ban daka wa 'yata tsawa ba. Amma yanzu na san abin da na yi ya fi tsawa ciwo: ban tambaye ta komai ba, na ce ta sa hijabi mu tafi asibiti. Muka hau trotro, motar haya. Muna dab da sauka ta ce a hankali, "Mma, ke ma kin yarda da su?" Na juya fuskata wajen taga.

Nas ta auna fitsarinta, ta daddanna cikin. Ina tsaye ina salati a zuci.

Nas ta tambaye ta, "Yaushe rabonki da bayan gida?"

'Yata ta sunkuyar da kai. "Kwana tara."

Sai kuka. Ashe wasu samari ne suka ajiye benci a bakin hanyar bayin. Duk sanda ta wuce da buta sai su ce, "Hajiya, yau ma? A sauka lafiya!" Kunya ta sa ta daina zuwa. Don kada bayan gida ya matsa mata, ta daina shan ruwa, ta koma cin busasshen burodi.

Nas ta dube ni. "Mama, ba juna biyu ba ne, cikinta ne ya bushe. Ga magani. Kada ki yi mata ɗurin barkono ta dubura irin na gida. Ruwa da yawa, gwanda, lemu, miyar ganye, kuma in bayan gida ya zo kada ta riƙe. In kika ga jini, ko amai ya ƙi tsayawa, ku dawo da sauri."

Washegari ni na ɗauki butar na shige gaba. Na tsaya a gaban bencin, na gaida kowane saurayi, na tambaye shi lafiyar mamansa. Kwana biyu bencin ya bar wurin. Cikin ya sauka, maƙwabciyata ta aiko da gwanda, ba ta iya haɗa ido da ni ba.

Ciwon ya warke cikin mako guda. Tambayar da ta yi mini a trotro kuwa har yau ina jin ta. Tun daga ranar, in yaro ya dafe ciki, nakan zaunar da shi in tambaye shi me ya ci, me ya sha, yaushe rabonsa da bayi. Bakinsa nake fara saurara kafin na mutanen gida.