Dalma Uku a Kan Sikelin Baba

Ƙarfe bakwai da rabi yake buɗe ɗakin ajiyar bindigogi na ofishin gandun dajinmu. Kafin ya zauna sai ya goge ɗan sikelinsa da ƙyalle, ya jera tsohon buroshin haƙori da maganaɗisu da gilashin nan mai ƙara girman abu, kowanne a gurbinsa. Shekara talatin da biyu yana haka, shi ya sa muke ce masa Baba Sikeli. Ni mai buga takardun ofishin ce, ƙofata na kallon tasa. Ƙarshen watan nan zai yi ritaya, kuma na san halin ofishinmu, hoto ɗaya za a ɗauka a watse. Don haka na ce bari in rubuta abin da na gani.

A takarda aikinsa bayar da bindiga ne da karɓa. Amma duk wanda ya tsinci ƙwayar dalma a gona ko a jikin itace, wajensa yake kawowa. Yakan wanke ta da buroshi, ya kara mata maganaɗisu, sannan ya auna. Wani manomi ya taɓa shigowa yana haki da wasu ƙwayoyi a hannu, wai an yi harbi a bayan gidansa. Baba ya ga ƙwayoyin sun manne wa maganaɗisu, ya ce, "Malam, dalma ba ta kama wannan. Je ka duba ƙafar kekenka, daga can suka zubo." Wata kuma ta kawo mai huda a tsakiya, ya ce mata ta masunta ce, wadda suke ɗaurawa a raga. Idan dalma ta yi farin ɓawo, ya ce ta daɗe a ƙasa, mai harbin ma wataƙila ya riga mu gidan gaskiya.

Na sha jin yana koya wa masu gadin daji bambancin. Bindigar farauta cikin bututunta sumul yake, ƙwayoyinta ƙanana ne, suna fita a tare su watsu, kuma za ka ga gefensu ya ɗan lotse inda suka matsi juna. Harsashin ƙaramar bindiga shi kaɗai yake fita, ya fi nauyi, kuma bututun yana bar masa zane a jiki. Mu dai muna jin sa ne kamar labarin tsofaffi, har ranar da abin ya zo gida.

Shekara goma sha huɗu ke nan. Aka harbi wani makiyayi a cinya a mashayar da ke iyakar gandun, da rana tsaka. Bai ga mai harbin ba, yana bin shanunsa da suka firgita. Kafin la'asar an kama wani maharbi da ke zaune kusa da wurin, mutum mai 'ya'ya shida, aka shafa masa kashin kaji don kawai yana da bindigar farauta. 'Yan'uwan makiyayin suka tono dalma uku daga tushen wata bishiya, duk sun dagule sun zama dunƙule, 'yan sanda suka aiko da su wajen Baba.

Ina tsaye ya ɗora su a sikeli. Kowace ta kusa giram goma. Ya ɗauki gilashi ya daɗe yana juya ta ƙarshe, sannan ya ce mini, "'Yata, sa takarda a keken rubutu. Rubuta harsashin ƙaramar bindiga."

Na sa takardar. Ƙaramar bindiga ɗaya ce tak a ofishin, ta shugabanmu, kuma Baba da hannunsa ya miƙa masa ita da safiyar ranar da aka yi harbin, zai fita korar shanu daga gandun.

Shugaban ya sauko da kansa, ya tura ƙofa ya rufe, ya manta ina ciki. Ya ce, "Dattijo, dalma ai dalma ce. Wa zai bambance? Ka rubuta ta farauta, magana ta mutu."

"Ranka ya daɗe, ƙwayar farauta ba ta kai giram huɗu ba. Ga kuma zanen bututu a jikinta."

"Sunanka na cikin waɗanda za a ƙara wa girma bana. Ka sani?"

"Na sani, ranka ya daɗe."

Baba ko gezau bai yi ba. Ya sa hannu a takardar, ya kai ta caji ofis da ƙafarsa, don kada ta ɓace a hanya. Kwana tara maharbin ya yi a tsare aka sake shi. Shugaban kuwa aka yi masa canjin wurin aiki a asirce, abin da har yau yake ci mini rai. Sunan Baba ya fita daga jerin ƙarin girma, bai kuma sake shiga ba. Waɗanda ya koya wa riƙe bindiga yanzu su ke sa hannu a takardar hutunsa.

Baba, kai ne ka zauna a kujera ɗaya shekara goma sha huɗu ba ka taɓa yi wa kowa gori ba. Kai ne ka hana a ɗaure uban yara shida a kan harbin da bai yi ba. Maharbin nan har yau bai san wanda ya fitar da shi ba, yana zaton sa'a ce, kuma ka hana ni faɗa masa. Yau na karya wannan umarni, ka yafe mini.

Makon jiya na tambaye shi ko ya taɓa yin da-na-sani. Ya ce, "Ba zan yi miki ƙarya ba, 'yata, na so ƙarin girman nan, iyalina ma sun so. Amma giram goma na gani."

Mun gode, Baba Sikeli. Allah ya ba ka lafiyar cin hutunka. Mu da muka rage a ofisoshi da asibitoci da kotuna, kowannenmu akwai ranar da wani babba zai tura ƙofa ya rufe, ya ce mu rubuta abin da ba mu gani ba. Ranar nan mu tuna akwai wani mutum a tsare yana jiran abin da za mu rubuta.