Gaisuwar Shango

Saura kaɗan in fasa ba da wannan labari, don rabinsa ba nawa ba ne, na Ndagi ne, kuma ciwon mutum ba abin shimfiɗawa a gareji ba ne. Sai da na je har gidansa neman izini. Ya ce, "Cif, ka gaya musu. Amma kar ka ce Bakatsine ne ya cece ni, mutanen Bida ba za su yafe mini ba." To, kun dai ji, ban faɗa ba.

Ga wanda bai san mu ba, ni ne cif direba a wani kamfanin manyan motoci a nan Minna. Doya muke ɗauka daga Gwada, hatsi daga Kasuwar Kure, mu kai kudu. Kafin a zaunar da ni a kujera na yi Ikko, na yi Fatakwal, na yi Agadas, har Kwatano na kai albasa. Aikin cif shi ne riƙon makullai da riƙon layi. Lodi bisa layi yake zuwa. In aka kira sunanka ba ka nan, ka koma baya, sai wani zagayen. Ka ce ba ka da lafiya, manaja zai ce ina takardar asibiti. Ka ce suna ne ko ɗaurin aure, a ce ka je in ka dawo daga kai lodi. Uzuri ɗaya ne ba a neman shaidarsa, shi ne mutum ya ce an yi rasuwa, zai je gaisuwa. Wa zai ce kawo hujja? Sai dai ka ce Allah Ya jiƙan rai, ka riƙe masa layinsa.

Ndagi Banufe ne, ni Bakatsine, kun san abin da ke tsakani. Ba ya wuce ni ban ce masa bawana ba, ni ma ba na wuce shi bai tambaye ni ko Katsina an fara ganin ruwa ba. Amma a tuƙi ban taɓa samun kamarsa ba. Da daminar 2011 yana ɗaure tamfol a kan lodin doya a Gwada, ƙafa ta zame, ya faɗo ta baya. Ya yi jinya a asibiti, aka sallame shi, ya dawo aiki yana cewa ya warke sarai. Ko cije leɓe ba ya yi in zai hau mota. Muka ce kai, Nufawa da ƙashin ƙarfe aka yi su.

Daga nan gaisuwa ta fara, kullum a Shango, wata unguwa a nan Minna. Yau, "Cif, zan je gaisuwa Shango." Jibi, "Cif, an sake yi mana rasuwa a Shango." Tun ina cewa Allah Ya jiƙan rai har na fara zolayarsa.

"Ndagi, Nufawan Shango ba su ƙare ba? Ko shinkafar Bida ce ta fara yi muku gardama?"

Ya yi dariya, amma dariyar ba ta kai idonsa ba.

Abin da ya dame ni daban ne. Mutum yana ƙarƙashina, ana ta yi masa rasuwa, ko sau ɗaya ban taka na je ba. Wannan ai abin kunya ne ga babba. Ban taɓa mantawa da ranar ba, wata Talata ce da hantsi. Da ya zo da maganarsa sai na ce, "Yau kam tare za mu." Na tara direbobin da ba su da lodi. Har Yohanna, mutumin Kafanchan, ya ari hula ya ɗora.

"Cif, in an ɗaga hannu ni me zan ce?"

"Ka ce amin. Ba a taɓa kama mutum da laifin amin ba."

Ndagi ya rikice. "Cif, ba sai kun je ba. Mamacin ba babba ba ne."

"Ko jariri ne, rai ai rai ne. Shiga mota."

A hanya na ga yana ta hamma, hanci na zuba, gumi ya jiƙa masa riga. Na ɗauka kuka yake dannewa. Muka shiga Shango, ya sa muka bi wannan lungu, muka fito ta wancan, muka sake komowa. Can dai ya nuna wani gida da hannu, bai ɗaga kai ba.

Wallahi ko ku ne abin da za ku zata ke nan. Benci a jere ƙarƙashin rumfa, maza zaune shiru, kowa kai a sunkuye. Muka tuɓe takalma, muka durƙusa, na ɗaga hannu.

"Salamu alaikum. Ya haƙuri? Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta."

Wasu suka ce amin, ido a lumshe. Yohanna ya fi kowa ɗaga murya. Sai wani ɗan dako na Kasuwar Kure, dogo har sunansa ke nan, Dogo, ya dube ni ya ce, "Alhaji, mun gode da addu'a. Amma layi ake bi."

Kafin in gane, taga ta buɗe, wani mai farar riga ya leƙo ya ce, "Na gaba!"

Sai a lokacin na ga allon da ke jikin bango: ana maganin ciwon baya, ciwon gaɓoɓi da gajiya. Direbobina suka fara ƙunshe dariya. Da suka dubi Ndagi sai dariyar ta mutu.

Na ce bari in ga ƙarshen abin. Na shiga na ce bayana ke ciwo. Mutumin da suke kira Dakta bai taɓa ni ba, bai ma ce in juya ba. Tambaya ɗaya ya yi mini, irin ta mai shayi: "Allura ko ƙwaya?" Ƙwayar tiramol ce. Allurar kuwa, wadda suke ce wa fenta, daga baya wani likitan gaskiya ya gaya mini ta wanda aka yi wa tiyata ce, ana yi na ɗan lokaci a daina, in aka zarce jiki ba ya yarda a rabu.

A bayan mota Ndagi ya ɗage wando ya nuna mini cinyarsa. Ta yi tauri kamar itace, ga gyambo nan da can.

"Cif, bayan bai warke ba. In na ce yana ciwo, layina zai tafi. Wani ya kawo ni nan. Yanzu in ban yi ba, ko sitiyari ba na iya kamawa."

Da wannan jikin yake sauka gangaren hanyar kudu da lodi cike. Na miƙa hannu, ya sa mini makulli. Ban taɓa karɓar makullin da ya yi mini nauyi kamar wannan ba.

Dokar kamfani a fili take: direban da aka samu da ƙwaya, kora. Na je wurin manaja.

"Cif, ka san doka."

"Na sani, ranka ya daɗe. Amma daga kan motarka ya faɗo, ba daga kan gadonsa ba."

Sai ya ce in ajiye Ndagi a gareji yana duba taya da mai, in ya rabu da abin ya koma mota, in bai rabu ba babu ruwansa.

To, rabuwa fa? Muddin tagar nan tana buɗe, Ndagi zai yi kwana biyu ya sulale. Matarsa Fati ta ɓoye masa takalma, ya tafi da silifas ɗin banɗaki. Na ce sai an rufe wurin. Nan na fara wata tafiyar da ta fi ta Agadas nisa, kuma duk a cikin garin Minna.

A caji ofis suka tambaye ni, "An yi faɗa? An sace wani abu?" Na ce a'a. Suka ce to wannan na masu kula da ƙwaya ne. Masu kula da ƙwaya suka ce maganin asibiti ne, ba wiwi ba, sai masu ba asibitoci izini sun fara dubawa. Masu ba da izini suka ce mai dubawar ya tafi taron bita. Da ya dawo, motarsu ba taya. Na ce, "Yallaɓai, ni direba ne, ga mota a waje, mu je yanzu." Ya ce ba a zuwa aikin hukuma a motar mai ƙara. Damina ta wuce, aka ci kasuwar doya aka gama, ina ta zarya.

Mace ɗaya ce a can ta gaya mini gaskiya. Ta ce, "Baba, kowa ya san wurin nan. Abin da ba mu da shi, mutum ɗaya da zai tsaya ya ce ni aka yi wa, ga jikina." Na kai wa Ndagi maganar. Ya ce ya tuɓe wando gaban mace a ofis? Gara ya mutu. Ban matsa ba, don na ga da gaske yake.

Wata safiya ya same ni a kujerata. 

"Cif, zan je gaisuwa Shango."

Na ɗago zan yi masa faɗa, ya ce, "Wannan na gaske ne. Dogo."

An yi masa allurar, ya koma gida ya kwanta, bai tashi ba. Tare muka je. Wannan karon tabarma ce, ba benci ba, ga 'ya'yansa ƙanana suna leƙe ta ƙofa. Muka yi gaisuwa muka fito. A bakin mota Ndagi ya ce, "Kai ni wurin matar nan. Daga can ka wuce da ni asibiti, kar ka tsaya ko na roƙe ka."

Ya kuwa roƙe ni. Ya zage ni da Nufanci, ya zagi Katsina ƙofa-ƙofa. Ban tsaya ba.

Ko da shaidar a hannu, sai da aka ƙara makonni kafin masu ba da izinin su je Shango. Suka tarar da rumfa da benci da allo, Dakta ya kwashe kayansa ya yi gaba, wai ashe ko takardar likita ba shi da ita. Suka sa wa ƙofar kwaɗo mai kyau, sabo fil. Ban ji daɗin tserewarsa ba, har yau ina tunanin garin da ya sauka. Amma tagar ta rufu, kuma nawa mutumin yana gadon asibiti, ana wanke masa gyambo ana rage masa magani kaɗan-kaɗan.

Da sabuwar doya ta fito na mayar masa da makulli. Lodin farko daga Gwada ni na zauna a gefensa, wai rakiya. Yana ɗingishi kaɗan, amma hannunsa a sitiyari daram. Muna cikin tafiya muka faɗa wani rami, sai na ji ya ce, "Wash! Bayana! Cif, wannan hanya za ta kashe mutum." Daga nan har muka shigo Minna mita yake, baya na ciwo, ƙugu na ciwo, kujerar motar ba kyau. Jama'a, ban taɓa jin waƙar da ta yi mini daɗi kamar mitar nan ba. Mutumin da ke jin ciwo, jikinsa nasa ne. Na ce, "Ƙara faɗa, bawana." Ya ce in sauka in tafi a ƙasa.

Abin da na koya, mu direbobi mun iya jin ƙarar mota tun kafin ta lalace, amma namu jikin ɓoye shi muke, don tsoron layi. Shi ya sa yanzu a garejinmu duk wanda ya ce bayansa na ciwo, layinsa na nan har ya dawo, ba sai ya kashe wani a Shango ba. Wanda ya faɗi ya tashi ya ce ba ya jin komai, shi nake sa wa ido.

Na ba da labarin nan a taronmu na ƙarshen wata, aka yi dariya, aka tsokani Yohanna da amin ɗinsa, aka watse. Ina kulle ofis sai na ga mutum tsaye a jikin mota, ɗaya daga cikin tsofaffin direbobinmu, mai furfura kamar ni, wanda ban taɓa jin ya ce wash ba. Ya jira kowa ya yi nisa, yana juya makullinsa a hannu, sannan ya matso.

"Cif, asibitin nan da ka kai Ndagi. In mutum ya je da ƙafarsa, ba wanda ya kai shi, za su karɓe shi?"