Lambar Da Ta Zo Daga Kebbe

A daminar da nake aiki a sashen noma a Tambuwal, an ba ni aikin tattara awon ruwan sama. Malaman gona na ƙauyuka kan turo awon ta waya, ni kuma na rubuta ɗan layin umarni a manhajar da suke turowa da ita, wanda ke ɗauko lokacin da wayar ke nunawa ya maida shi lamba guda, wato yawan daƙiƙoƙin da suka wuce tun farkon 1970. Kullum lambar doguwa ce, harafi goma.

Akwai wani dattijon malamin gona a wajen Kebbe, Baba muke ce masa. Ba ya fashi, da hantsi saƙonsa zai shigo. Sai aka yi kwana biyu shiru. A na uku saƙo ya zo, gurbin awon ruwa babu komai, lambar lokacin kuma, maimakon harafi goma, ɗari huɗu ce kawai da 'yan kai.

Na kira shugaban sashenmu na nuna masa.

"Mi kenan?" in ji shi.

"Ranka ya daɗe, agogon wayar ya koma sifili. An cire batir an mayar, ba a gyara lokaci ba."

"To, mi a ciki?"

"Baba da agogon wayar nan yake duba lokacin salla. Ba zai bar shi haka ba."

Muka buga wayar Baba. Aka ɗauka, ba a yi sallama ba. Numfashin mutum muke ji, da ƙarar babura can nesa. Shugaba ya ce, "Baba, kai ne?" Aka kashe.

Washegari wani saƙon ya sake shigowa, shi ma fanko. Na lissafa, lambar ta ƙaru da kwana ɗaya cif. Wani ne ke latsa wayar, kuma sunayenmu duka suna ciki. Na daina bin hanyar da na saba zuwa ofis.

Bayan kwana tara Baba ya shigo ofis, ƙafafunsa a kumbure. Masu bindiga ne suka tare shi a hanyar gona, suka karɓe babur da waya, ya samu ya kuɓuta cikin dawa. Mutanen ƙauyensu duk sun watse, iyalinsa suna Sanyinna wajen dangi.

Na ba shi ruwa ya sha. Sannan ya ce, "Ɗana, ranar da suka tare ni an yi ruwa sosai. Ban samu na auna ba."