Ranar da mutum-mutumina ya yi wa Alhaji tsawa

Shekarun baya, zamanin da kaset ke tashe, muna da ƙungiyar wasan kwaikwayo a Sabo, unguwarmu ta Hausawa a ƙasar Yarbawa. Ni ina koyon gyaran rediyo, kuma kaina ya fi ƙarfina. Na ga wani mutumin ƙarfe a talabijin, sai na rantse wasanmu na babbar Sallah sai an yi da irinsa.

Na haɗa shi da gwangwanayen man gyaɗa, na sa masa injin share gilashin mota yana ɗaga hannu, na cusa rikoda a ƙirjinsa. Muryata na ɗauka a kaset, na bar gurbi bayan kowace magana don wanda zai amsa. Aibinsa ɗaya: in an danna an rufe ƙirjin da waya, ba ya tsayawa sai kaset ya ƙare. Mahaifiyata tana suyar waina tana kallona, ta ce, "Wannan abin da ba ya jin kira, me za ka yi da shi?" Na ce ba za ta gane ba.

Wurin wasa kuwa ɗaya gare mu duk unguwar, wato harabar gidan wani Alhaji mai sayar da albasa a kasuwar Shasha. Da ƙyar ya yarda, ya ce gwaji ne, in ya ga rashin ɗa'a mun gama.

Abokina ne ya fito a malalacin bawa, mutum-mutumin kuma maigidansa. Mun yi ta maimaitawa har ya san kowane gurbi. Na roƙe shi, na ce, "Ko gobara ta tashi kada ka tsaya." Ya ce, "Haba, shebi mun gama magana." Abin da ban sa a lissafi ba, 'yar Alhajin yake nema.

Ranar wasa bayan la'asar haraba ta cika, har Yarbawa maƙwabta sun zo. Mutum-mutumi ya ɗaga hannu, mata suka yi guɗa, ni ina bayan labule kamar in tashi sama. Muna tsaka da haka Alhaji ya dawo daga kasuwa, ya yi sallama. Kowa ya amsa. Abokina kuwa ya cire hular wasa, ya zube ƙasa a kan dandamali.

"Barka da dawowa, Baba. Ya kasuwa? Ya gajiya? An sauke motar lafiya?"

Ina ta yi masa raɗa, "Oya, tashi mana, kaset yana tafiya." Ko waiwaye bai yi ba. Alhaji ma ya gyara tsayuwa yana amsawa ɗaya bayan ɗaya, har da tambayar jikin kakar abokin nawa. Gurbin ya ƙare. Mutum-mutumi ya ɗaga hannu daidai saitin Alhaji, ya faɗi abin da na tanadar wa bawa, da muryata tangaran:

"Kai, rufe mana baki. Kullum sai ka makara, ga shegen surutu."

Na fito da gudu ina kokawa da wayar, abin yana ci gaba da cewa a je a wanke kwanuka. Alhaji ya dube shi, ya dube ni, ya ce, "Zagin bai dame ni ba, na san wasa ne. Amma na yi sallama a gidana, kowa ya amsa, wannan yana tsaye ƙiƙam. Ku fitar min da shi, ku ma ku bi shi."

Shi ke nan muka rasa harabar, ƙungiya ta watse kafin shekara ta zagayo. Gwangwanayen kuwa, mahaifiyata ta zuba gawayi a ciki. Abin da ke ƙona min rai har yau, abokina ya sami matar, domin Alhaji ya ce ya ga yaro mai tarbiyya. Shi ya ɓata wasa, ni na zama marar kunyar unguwa.

Yanzu in na ga a waya ana nuna irin waɗannan injina suna rawa a dandamali, sai in ce da kyau, amma a kawo su Sabo babba ya shigo mu gani. Alhajin nan har ya bar duniya, duk ranar da na durƙusa na gaishe shi, sai ya amsa ya ƙara da cewa, "Madalla. Ɗan naka na gwangwani fa, ya koyi gaisuwa?"